Harbin dala ashirin ya fi na Amurka tsada

Akwai wata kasuwa da ta buɗe a garuruwanmu na Arewa ba tare da an yi mata shela ba. Daga Dogondutsi zuwa Matankari, daga Kore Mairuwa zuwa Tibiri da Gesheme, kusan duk inda wutar lantarki ta kai ko aka kafa sola, ba ka rasa wani ɗaki mai labule, da talabijin biyu ko uku, da benci, da yara cunkushe suna jiran layi. Gidan PS suke ce masa. Wasu ƙwallo suke bugawa, wasu harbi. Inda babu ɗakin kuma salula ta wadatar: yara biyar ko shida sun haɗa kai a gindin bedi, kowa na jiran a miƙo masa ya kashe nasa. Hajar da ake sayarwa harbi ce, farashinta dala goma ko ashirin, masu sayenta ƴaƴanmu ne, kuɗin kuma daga aljihunmu yake fitowa.

Ƴan'uwana malamai da iyaye, maganata yau a kan farashi take. Mu mutanen karkara mun iya ciniki. Ba mu sayen tiyar hatsi sai mun damƙa mun duba ƙwayar, ba mu sayen rago sai mun taɓa ƙirjinsa. To wannan harbin da ake sayar wa yaranmu kullum, wa ya taɓa tsayawa ya tambaya nawa yake ci, kuma me yaro ke ɗaukowa ya kawo gida? Ni na ce ciniki ne na asara, kuma zan kawo lissafina.

Mu fara da inda sana'ar ta yi ƙarfi, don mu samu ma'auni. A Amurka akwai gidajen harbi na cikin gini, inda mutum ke zuwa ya biya ya harbi takarda da bindiga ta gaske. Farashinsu hawa-hawa ne. Akwai kuɗin layin da za ka tsaya, wanda a wurare da yawa yake kusan dalar Amurka 20 a awa guda, wato sama da jika goma na kuɗinmu. Akwai hayar bindiga ga wanda bai zo da tasa ba, da tabarau, da abin toshe kunne, da takardar saiti. Sai harsashi, kuma nan ne ribar take. Yawancin gidajen suna da ƙa'ida cewa wanda ya yi hayar bindigarsu dole ya sayi harsashinsu, a farashin da suka yanka. A birnin Las Vegas har akwai masu sayar wa ƴan yawon buɗe ido damar harba manyan bindigogi masu sarrafa kansu. Kalashnikob tana fitar da harsashi kusan 600 a minti guda, gidan harsashinta kuma 30 yake ɗauka. Ke nan cikin daƙiƙa uku mutum ya ƙone abin da ya saya, ya koma ya sake biya. Dabarar ke nan: a sauƙaƙa ƙofar shiga, a tsawwala abin da ke ƙarewa da sauri.

Duk da haka, wanda ya biya a irin wannan gida ya san abin da ya saya. Ya sayi bango mai tare harsashi. Ya sayi injin iska mai fitar da ƙurar darma don kada ta shiga huhunsa. Ya sayi idon jami'in da ke tsaye a bayansa, wanda zai kore shi nan take in ya juya bakin bindiga wajen mutum. Ana duba takardar shaidarsa, yaro kuma ba ya shiga sai da babba. In ya ƙara kuɗi a ba shi malami ya koya masa tsayuwa da riƙo da numfashi. Bayan wata shida yana iya ɗaga takardarsa ta farko da ta ƙarshe ya ga bambanci da idonsa. Kuɗi sun tafi, amma hannu ya koyi wani abu.

Ba yabon Amurka nake yi ba. A watan Agustan 2014, a jihar Arizona, an miƙa wa yarinya ƴar shekara tara bindiga ƙirar Uzi a wani filin harbi na ƴan yawon buɗe ido, iyayenta na ɗaukar hoto. Bindigar ta fi ƙarfinta, ta kubce, ta kashe mai koya mata. Darasin da na ɗauka shi ne, duk inda aka mai da harbi abin nishaɗin da ake sayarwa, mai kasuwa aljihu yake fara dubawa kafin ya dubi shekaru.

Yanzu mu dawo gida mu yi namu lissafin. A ce yaro na kashe dala ashirin kacal a rana, wato sefa 100, kuɗin bik guda. A wata jika uku ke nan. A wata tara na shekarar lakwal, daga Oktoba zuwa Yuni, jika 27. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun da aka ƙara shi a farkon 2024, jika 42 ne. Ashe yaro guda yana harbe fiye da rabin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci a shekarar karatu ɗaya. Mai yara uku ya yi asarar jika 81, kusan albashin wata biyu. In a lakwal guda aka samu yara ashirin masu wannan hali, jika 540 ne suka fita daga gidajen unguwa suka shiga ɗaki mai labule. Ku kai wannan adadi wurin mai walda ku tambaye shi teburan zama nawa zai ƙera da shi. Ku kai shi wurin kwamitin da ke yawon neman kara da zana duk bayan damina don a tada aji. Ba ma jin zafin kuɗin ne saboda ɗai-ɗai suke fita, ƙarfe-ƙarfe, daga kuɗin karin kumallo, daga canjin aike, wani lokaci daga ƙasan tabarmar uwa.

Na salula ya fi wannan wayo. Free Fire, wasan da ya cika wayoyin samari, wani kamfani ne na ƙasar Singafo mai suna Garena ya fito da shi a 2017. An gina shi yadda ƙaramar waya mai araha za ta iya ɗauka, shi ya sa ya mamaye ƙasashen talakawa, har a 2019 babu wasan waya da aka sauke kamarsa a duniya. Ana jefa mutum 50 a tsibiri, su yi ta harbin juna wajen minti goma, wanda ya rage shi ya ci. Sauke shi kyauta ne, sunansa ma ya faɗa. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Sai ka sayi intanet, sai ka biya cajin waya in gidanku babu wuta, sannan a cikin wasan akwai kuɗinsu na musamman, lu'ulu'u, wanda yara ke kira diyama. Da shi ake sayen riga, da fentin bindiga, da salon rawa. Yaron da ba shi da su abokai na yi masa dariya, don haka sai ya nemo kuɗi na gaske ya tura wa dillali ta waya a loda masa. Wannan ita ce dabarar gidan harbin Amurka sak, ƙofa kyauta, harsashi da tsada, sai dai an cire bango, an cire jami'in tsaro, an cire malami, an cire mai duba shekaru.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A cikin irin waɗannan wasanni ana sayar da sa'a: ka biya diyama, a juya maka faifai ko a buɗe maka akwati, wataƙila ka samu abin da kake so, wataƙila ka tashi da tarkace, sai ka sake biya. Mu Hausawa muna da suna ga duk cinikin da za ka ba da kuɗi ba ka san abin da za ka karɓa ba. Caca ce. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke haka tun 2018 a kan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin bidiyo. A Amurka kuma, a watan Disamban 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 520, kan tattara bayanan yara ba da iznin iyaye ba, da kuma tsara maɓallan wasa yadda mutane ke sayen abin da ba su yi niyya ba. Waɗannan ƙasashe ne masu lauyoyi da hukumomin kare mai saye. Yaron Dumega ko Ɗankasari wa ke tsaya masa?

To me yaro ya samu da jika 27 ɗinsa? Kowane malami da ke tsayawa gaban aji da ƙarfe takwas na safe ya san amsar. Ya san idon da ya kwana a kan gilashi. Ya san kan da ke faɗuwa a kan tebur kafin a fita shan iska. Ya san kayen da aka aika a sayo tun mako biyu har yau bai iso ba, da ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC wanda ya haddace sunan bindigogi goma sha biyar amma ya kasa raba 540 gida ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, ga wanda wasan ya fi ƙarfinsa har ya ture masa karatu da barci da zaman gida. Ba kowane mai wasa ne ya kai can ba, amma hanyar da ke kaiwa can da dala ashirin take farawa.

Wasu iyaye in sun tashi faɗa cewa suke yi wasan harbi na mai da yaro ɗan ta'adda. Ban bi su a kan wannan ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna wasannin faɗa su ke sa mutum ya aikata ta'asa. In muka gina maganarmu a kan tsoro maras hujja, yaran da kansu za su kada mu, don sun san dubban abokansu na bugawa ba su kashe ko ƙadangare ba. Hujjarmu mai ƙarfi ita ce wadda ake iya ƙirgawa: kuɗi, barci, lokaci, da maki a takardar jarrabawa.

Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma wasu na da nauyi. Ana cewa mai gidan PS ɗanmu ne, ya yi karatu bai samu aiki ba, ya tara ɗan jari ya sayi talabijin maimakon ya tafi Libiya ko ya zauna fada yana shan shayi. Gaskiya ne, kuma ban ce a rufe masa ƙofa ba. Amma mai sayar da magani ma neman abinci yake yi, duk da haka ba mu yarda ya sayar wa ɗan shekara goma duk abin da ya nuna da yatsa ba. A jikin kwalin GTA da mafi yawan wasannin Call of Duty an rubuta 18 ɓaro-ɓaro. Waɗanda suka ƙera abin da kansu sun ce ba na yara ba ne. Don me a Dogondutsi ɗan aji huɗu zai shiga da jakar lakwal a bayansa, ƙarfe goma na safiyar Talata, a karɓi kuɗinsa a ba shi wuri?

Ana cewa gara yana ɗakin wasa da a ce yana yawon tasha ko shan ƙwaya. Wannan zaɓin ƙarya ne, kamar a ce wa mai yunwa ya zaɓa tsakanin ƙasa da toka. Wa ya ce hanyoyin da ke gaban yaro biyu ne kawai? In sun zama biyu, mu manya ne muka rufe sauran.

Ana cewa zamani ne, yaro na koyon na'ura. Danna maɓalli huɗu da babban yatsa bai koya wa kowa rubuta wasiƙa a kwamfuta ba, ko tsara lissafin shago, ko gyara waya. Ƙasar Sin ta fi mu sanin na'ura, can ake ƙera wayar da ke hannun yaron. Amma a watan Agustan 2021 ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa guda, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Masu sana'ar sun tsare nasu ƴaƴan, mu masu saye mun saki namu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a ce a Arewa ne ake sayar da harbin bogi. Mu ne za a koya wa darajar harbi? A watan Afrilun 1899, a Lugu, cikin ƙasar Ɗankasari ta yau, mutanen Sarauniya Mangu sun tare rundunar Voulet da Chanoine da baka da kibiya. Faransawan sun ƙone harsashi wajen 7,000 a wannan rana, kuma sun bar gawarwakin nasu. Waɗancan maharba ba a ɗaki mai labule suka koya ba. Ɗan maharbi yakan daɗe yana ɗaukar kwari a bayan ubansa kafin a bar shi ya ja tsirkiya. Yakan koyi sawun dabba, da inda iska ke kaɗawa, da haƙurin kwanto, da abin da ba a harbi. Yakan san kibiya guda aikin kwana nawa ce, daga yanko kyauro zuwa wurin maƙeri, don haka ba ya sakinta a banza. Harbi a wurinsu tarbiyya ce, a ƙarƙashin idon babba, kuma kowace kibiya da lissafinta.

Yau ma ba mu da uzurin mantawa da nauyin harsashi. A watan Yunin 2024 an kashe sojojinmu shida masu gadin bututun man fetur a yankin Tibiri. Ƙauyukanmu na kan iyaka da Sakkwato da Kabi sun san abin da ƙarar babura da dare ke nufi. A ƙasar da ake binne mutane saboda harsashi na gaske, ya kamata mu ji kunya mu riƙa biyan kuɗi ana nuna wa yara cewa wanda aka harbe yana tashi bayan minti goma.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ke zuwa taron COGES yana rantsuwa ba shi da dala ɗari ta gudunmawar shekara, shi ne ke jefa wa yaro dala ashirin kullum don ya bar shi ya huta. Uwar da ta ce littafi ya yi tsada, ita ce ke saya wa ɗanta bindigar roba mai ƙwaya ranar salla, irin wadda ke iya tsiyaye idon ɗan maƙwabta. Mu malamai ma ba mu fita ba. Malamin da ke zaune a aji kansa sunkuye a kan salula, yara na kwafar allo, da wane baki zai yi wa ɗalibi faɗan waya?

Ga abin da nake ganin za mu iya yi, ba sai mun jira Yamai ba.

Na farko, kowane gida ya yi lissafi. Mako guda kawai, a rubuta duk ƙarfen da aka miƙa wa yaro, a tambaye shi inda ya tafi. Malaman lissafi su mai da shi darasi: dala ashirin sau kwana 30 sau wata tara. A bar yaro ya fitar da jika 27 da hannunsa a kan allo, sannan a tambaye shi abin da zai saya da su. Wannan ya fi bulala goma aiki.

Na biyu, kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye da ƙungiyar iyaye mata su zauna da masu gidajen wasa, gaban mai unguwa ko hakimi, a yi yarjejeniya a rubuce. Babu ɗalibi a lokacin aji. Babu yaro bayan sallar isha'i a daren da gobe akwai lakwal. Wasan da aka rubuta wa 18 ba a kunna wa ƙananan yara. Babu bashi, kuma ba a karɓar littafi ko takalmi ko waya a matsayin jingina. A liƙa farashi da dokokin a bakin ƙofa. Ma'aikatar magajin gari da ke karɓar haraji a hannun waɗannan ɗakuna tana iya sa bin dokar cikin sharuɗɗan izni. Mai gidan da ya bi, mu tura masa yara ranar Asabar da hannunmu.

Na uku, kada yaron firamare ya kwana da waya. Lambar sirrin asusun kuɗi na salula kuma ba abin da ake faɗa wa yaro ba ne, ko da shi ke karanta maka saƙo.

Na huɗu, mu ba su abin da ya fi. Sha'awar saiti a jinin yaro take, duk wanda ya taɓa riƙe danƙo ya sani. Harbin baka wasa ne da ake yi a gasar Olamfik, daga nisan mita 70, a wasu gasanni na cikin gini kuma mita 18. Ba ya buƙatar wuta ko intanet. Dattawan maharba suna nan da ransu a ƙauyukan Dallol Mawri, iliminsu na shirin bin su kabari. Me zai hana lakwal ta gayyato sarkin baka ranar da babu aji da yamma, a jingina damin kara a bango, a zana da'ira, a yi amfani da kibau marasa tsini, malami na tsaye, babu mai ƙetare layi sai an ba da izni? Bakuna biyar sun ishi aji guda. Yaro zai koyi tsayuwa da natsuwa da jiran layi, ya ƙirga makinsa, ya auna nisa da mita, ya ji tarihin Lugu daga bakin jikokin waɗanda suka yi shi. Ga kokawa, wadda Issaka Issaka ya ɗaga sunan jihar Doso da ita sau da dama, ga langa, ga gudu. Abdoul Razak Alfaga da ya kawo wa Nijar lambar azurfa daga Riyo a 2016 da jikinsa ya yi horo, gaban mai koyarwa, shekara da shekaru.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba’amurken da ya biya jika goma a gidan harbi yana fita da takardar da ya huda a hannunsa. Ɗanmu yana biyan jika 27 a shekara ya fito hannu rabbana, da jan ido da kaye babu rubutu. A taron iyaye mai zuwa, kafin a fara kukan babu kuɗin alli, wani ya tashi ya rubuta wannan lissafi a kan allo, a bar kowa ya duba.